Jar Masarar Goggo a Ɗakin Gwaji

Goggo ba ta manta alheri, ba ta kuma manta wanda ya taka ta. Abin da uwarta ta bar mata jar masara ce, wadda take shukawa a filin bayan gida. Babban ɗanta, Direba, shi ya sa wa filin ido. Ya ce a zuba irin kanti a huta, ai duk masara ɗaya ce, launi ne kawai.

Jikarta, 'yar Direba, wadda take kira Likitar Masara, tana aiki a ɗakin gwaji. Ita ta raba gardamar: za ta auna, in jar ba ta bambanta da ta kanti ba, Goggo ta saki fili. Goggo ta sa Direba ya maimaita sharaɗin a gaban matarsa, don ta san halin ɗan da ta haifa.

Ranar sakamako Goggo ta ce ƙafarta ƙafar jikar, Direba ma ya bi su. Ta tarar da ɗaki mai sanyi, kwalabe a jere, wani inji yana ta gurnani. Yarinyar ta nuna mata yadda suke niƙa ɗan guntun ganye su tatso abin da masara ta gada, ya fito a allon kwamfuta layi-layi kamar matakan tsani. Kowane iri da tsaninsa. Na kanti daban, na Goggo daban, ko makaho ya shafa ya ji.

Sai dai jikar ta yi ta murza yatsu. Da ƙyar ta faɗa: kusan rabin layukan jar irin na farar masarar maƙwabciya ne, Mai Tabarau, wadda ta ba su ganye tun bara. Iska ce ke kwaso ƙurar kan masara ta tsallake katanga ta zuba a gemun wata masarar. Ita kuwa Goggo, don kada a riga ta, duk ranar da Mai Tabarau ta yi shuka ita ma ranar take yi, tun da suka ɓata kan akuya. Tare masarar ke fitar da kai, tare suke cakuɗuwa.

Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ashe gadon maƙwabta ake ta gadi.

Goggo ta bari ya gama.

"Da ta kanti muka yi sharaɗi ko da ta Mai Tabarau? Tambayi matarka."

Ta juya ga jikar.

"Ke Likita, iskar nan hanya ɗaya ta sani?"

Yarinyar ta ce a'a, ta buɗe tsanin farar. Ga layukan jar nan zaune a ciki, har da wani da ya kusa ɓacewa a gun Goggo.

Da yamma Goggo ta ɗauki sandarta ta buga ƙofar da ta daɗe ba ta buga ba. Mai Tabarau ta leƙo, Goggo ta ce:

"Shekara da shekaru kina cin masarar uwata, ko sannu babu. Ɗebo min iri, jinina na zo karɓa."

Da damina ta sauka, Goggo ta bar Mai Tabarau ta riga ta shuka, karo na farko. Ta sa Direba da kansa ya bi kowane goyon masara yana rufe shi da jakar takarda don kada ƙurar farar ta shiga, kamar yadda 'yarsa ta koya masa. Tana zaune a kan kujera tana nuna masa wanda ya tsallake.