Bari Ta Ji a Jikinta

Wallahi finafinan nan ne suka ci Tahiru, ba wani abu ba. Kowace Juma'a bayan masallaci, shi da abokan aikinsa na gini sai shagon Baƙo da ke bayan kasuwar Assihar a Aljeriya, inda ake saka bidiyon Larabawa na ban dariya. Labarin ɗaya ne kullum: miji da mata su rabu, a yi ta shirme, ranar ɗaurin aurenta da wani sai ga tsohon miji a guje, ta faɗo masa tana kuka, a tashi ana tafi.

Shi kuwa ya baro matarsa Laure a Tasawa da saki ɗaya. A kan 'yar magana ce, wai ta hana shi tahowa Aljeriya. Yana sonta kamar ransa, ko barcin kirki ba ya yi.

Baƙo ya ce masa, "Ɗan'uwa, mayar da matarka tun idda ba ta cika ba."

"Bari ta ji a jikinta tukuna. Ba ka ga na fim ba? Sai ƙarshe ake zuwa."

Ka ji wauta. Sai da ya rage kwana ashirin idda ta cika ya sa aka ɗauki muryarsa a kaset, gaban shaidu biyu, ya ce ya mayar da ita, har da 'yar waƙa. Ya ba direban kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa gida. Lokacin ana tawaye a arewacin Nijar, hanya ta rufe, kamiyo ya yi wata uku a Arlit.

Amsa ta zo da Gwamma, mai kawo yaji da kilishi daga gida. Ta miƙa masa kaset ba ta dube shi ba. Ya ari rediyon Baƙo, ya zauna bayan shago, ya kunna.

"Tahiru," in ji muryar Laure.

Shekara shida suna tare, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai baban Kubura.

"Saƙonka ya iso, ya tarar da ni a ɗakin Salifu, wanda na aura bayan idda. Malamai sun ce tunda na tare ban sani ba, auren ya zauna. Kullum mota ta tsaya sai na aika a tambaya. Da ko gaisuwa ka turo, wallahi da na jira. Kubura tana gaishe ka."