Rabon Yaya Rekiya

Mijina, wanda duk Badarawa ke kira Muntari Mai Rediyo, bai taɓa cin zaɓe ba, ko na shugaban masu yashe rijiya. Amma in dai zancen 'yancin talaka ne, to ka nemi tabarma ka zauna, don ba yanzu zai gama ba. Ranar da aka ba mu jihar Zamfara sai da muryarsa ta dishe. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa, cewa ya yi abu ɗaya yake jira ya gani, ranar da za a zaunar da mai mota da mai garma kan tabarma ɗaya gaban alƙali. Ni dai nakan ce, "Malam, tuwo na hucewa." Ina son shi da surutun nasa, Allah ya sani, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Su biyu mahaifinsu ya bari, shi da yayarsa Rekiya. Aure ya kai ta Zurmi, da mijin ya rasu ta dawo gida da 'ya'ya mata uku. A garinmu a lokacin, in uba ya mutu gona ta maza ce. Mace sai dai duk kaka a kai mata damin gero ta yi godiya. Haka muka taras, haka Malam ya yi shekara ashirin yana yi, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, dammunansa manya ne.

Kakar shekarar Shari'a ya kai mata dami biyu da safe. Kafin la'asar sai ga ta da ɗaya a ka, babbar 'yarta da ɗayan. Suka sauke a tsakar gida.

Malam ya ce, "Yaya, lafiya? Ko geron ne bai yi ba?"

Ta ce, "Gero ya yi. Ran Alhamis na je kasuwar Shinkafi na ji mai wa'azi. Ya ce ɗiya mace na da rabin abin da namiji ya samu, har gona. Kai ka yi karatu, Muntari. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

"To tun yaushe ka sani?"

Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ganin bakin mutumin nan ya mutu ba sai ranar. Yaya Rekiya ta karkaɗe gammonta ta fita.

Ya same ni ina tankaɗe. Ya ce, "Hauwa'u, in na ba ta, mutanen gari cewa za su yi na ɓallo musu ruwa. Wa ye ba shi da 'yar'uwa?"

Na ce, "Malam, talakan nan da kake ta nema cikin rediyo, yau ga shi ya zo har gida da dami a ka."

Kwana biyu bai kalle ni ba. Tuwo kam ya ci, fushinsa ba ya kaiwa nan. A na uku ya tafi gidan Liman Sirajo.

Ran Asabar aka fita gona, liman da igiya, dattawa huɗu shaidu, mu mata muna daga nesa. Aka ja igiya aka raba uku, biyu na Malam, ɗaya nata. Sai dai igiya tsawo ta sani, ba ta san ƙasa ba. Kashi biyu sun faɗa kan tudu, rairayi ne zalla. Na ukun ya gangara fadama, inda Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jibga taki, inda muke samun albasar da ke yi mana suturar salla.

Tsoho Ado, maƙwabcinmu, ya ja shi gefe, amma da yake kunnensa ya yi nauyi raɗarsa har mu mun ji. "Ka ba ta tudu. Kashi ɗaya ne dai, ba ka saɓa littafi ba."

Malam ya daɗe yana kallon fadamar nan. Sannan ya ce, "Ita ce babba. Ta zaɓa."

Ni na zuga shi, amma wallahi a raina addu'a nake ta ji kunya ta ɗauki tudu. Ina! Yaya Rekiya ta gyara mayafi, ta taka har bakin fadama ta tsaya.

Ta ce, "Nan. Ina da marayu uku."

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Liman ya dubi Malam yana jira, Tsoho Ado na ta girgiza kai. Sai Malam ya karɓi fartanya, da hannunsa ya haƙa ramukan iyaka, ya dasa gamba tun daga wannan baki har wancan. Ko jawabi bai yi ba, shi da ke yi wa kaji jawabi. Ban taɓa son shi kamar a wannan hantsin ba.

Mutane suka fara watsewa. Yaya Rekiya na nan tsaye cikin gonarta, mace mai shekara hamsin da biyar, ta rasa inda za ta sa hannunta. Can ta hangi sauran yakuwa a gefen kunya, ta sunkuya, sai kuma ta dakata ta waiwayo.

"Muntari, in tsinki 'yar yakuwar ga ta miya?"

Ya saɓa fartanyar a kafaɗa, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, wa kike tambaya? Ni ne dai zan roƙa. In kin tsinka ki sam ma Hauwa'u, yau ba mu da ganye."