Fiyanon da Aka Bari a Jibiya

A bazarar 1976, lokacin da motocin kaya ke cika bakin iyakar Jibiya har ba wurin juyawa, wata babbar mota ta iso daga Maraɗi ɗauke da ƙaton akwatin katako. Direbanta Maɗugu ne, a gefensa kuma wani dattijon Bature ne mai suna Alvar, mutumin Suwidin. Tun yana saurayi yake kaɗa fiyano a manyan zaurukan Turai, sunansa ya kai ko'ina. Yanzu wani sabon otel na Kano ya gayyace shi bikin buɗewa, shi kuwa ya ƙi rabuwa da fiyanonsa, ya biyo shi ta Sahara.

Maharazu, jami'in kwastan, ya ƙwanƙwasa akwatin. "Mi ke ciki?"

"Abin kiɗa ne, ranka ya daɗe," in ji Maɗugu.

"To, a sauko da shi mu ji."

'Yan dako suka sauke shi a inuwar darbejiya, kusa da rumfar Barira mai tuwo, suka buɗe akwatin suka fito da fiyanon. Alvar ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon yatsunsa, sannan ya fara. Kiɗan a hankali yake tafiya, kamar mai lallashin mara lafiya. Direbobi suka kashe injina. Barira ta tsaya da mara a hannu.

Can sai ya dakata. Ya juya hagu, ya gyaɗa kai, ya jira. Ba kowa a wurin. Ya koma farko, ya sake zuwa daidai nan, ya sake juyawa hagu. 

Barira ta matso kusa da Maɗugu. "Tambaye shi, wa yake jira?"

Maɗugu ya tambaya da Faransanci, ya saurara, ya sunkuyar da kai. "Matarshi ce. Ita ke zama nan tana juya mashi takardar kiɗa tun aurensu. Bara ta rasu. Ya ce a ƙasarsu duk inda ya zauna kiɗa sai ya ji numfashinta, shi ya sa ya yo nisa. Ya ce yanzu ma ga ta nan."

Waɗanda ke tsaye ta hagun suka ja da baya.

"Allah ya ba shi haƙuri," in ji Barira. Ta kawo masa ruwan randa, ya shanye bai ɗago ba.

Maharazu ya ce hanya a buɗe take, su wuce. Alvar ya rufe murfin fiyanon, ya girgiza kai. Da la'asar ya shiga motar fasinja mai komawa Maraɗi da jakarsa kawai. Maɗugu ya bi motar yana kira, bai waiwayo ba. Daga baya aka ji cewa bai ƙara hawa dandali ba har ya mutu.

Fiyanon aka tura shi cikin rumfar ajiyar kwastan. In rana ta take, zafi kan tsinke wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sautin ya daɗe yana yawo ƙarƙashin kwano. 'Yan dako suka daina ƙailula a wurin. Barira ma, kafin damina ta faɗi, ta kwashe tukwanenta ta koma tsallaken titi.