Kafaɗa Huɗu

Tayar keken ta sake bugun turken ƙarfen, ƙwal! Irshad mai madara ya ja baya, ya karkata shi, ya sake turawa. A banza. Faɗin yatsa biyu kacal ya hana keken guragun Baba Nazakat shiga lambun shaƙatawa.

"Bari haka, ɗana," in ji tsohon da bakinsa da ya karkace. "Kar ka karya wa gwamnati ƙarfe."

Ga sabuwar hanyar nan a gabansu, sumul kamar faranti, ta zagaye tafkin lambun ba matakala ko ɗaya. Har allo aka kafa, shuɗi, da zanen mutum a kan keke. Sai dai ana buɗe ta 'yan babura da shanun unguwa suka mayar da ita tasu, dattawa suka kai kuka, aka zo aka dasa turaku a kowace ƙofa. Da cikin saniya aka yi awon. Ba wanda ya tuna da mutumin da ke jikin allon.

Baba Nazakat tsohon tela ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Irshad. Kafin ɓarin jikinsa ya shanye, kullum da safe sai ya zagaye tafkin nan yana jefa wa kifi curin kwaɓin fulawa, sadaka ga marigayiya matarsa. Yanzu likita ya ce da wuya zuciyarsa ta kai ƙarshen sanyi, shi kuwa ba abin da yake roƙo sai zagaye ɗaya.

Wasu samari masu motsa jiki suka matso. "Babaji, ai mu huɗu ne. Mu ɗaga ka da keken, shi ke nan."

Tsohon ya zare musu idonsa mai lafiya. "Kafaɗa huɗu? Da raina? Ku adana kafaɗunku, ranarsu na zuwa."

Suka sunkuyar da kai. Kowa ya san wanda ake ɗauka a kafaɗa huɗu.

"To ni kaɗai in goya ka," in ji Irshad.

"Buhun shinkafa ka samu? Kekena aka zana a allon can, a kansa zan shiga."

Taurin kai irin na Baba Nazakat, ko almakashinsa ba ya yanka shi. Irshad ya yi ta zarya ofishin hukumar gari har takalminsa ya san hanya. Yau a ce injiniya ya tafi biki, gobe a ce sai bayan Salla. Kowace safiya in ya gama rabon madara, sai ya turo tsohon bakin turakun. Baba ya ciro kwaɓin da surukarsa Parwin ta ƙulla masa, ya wurga da hannun hagu. Ko rabin tazarar ba ya kaiwa. Hankaki ne ke cinyewa.

"Su ma bayin Allah ne," yakan ce, amma idonsa na kan ruwa. Abin nan na ci wa Irshad rai ƙwarai.

Ran nan ya gaji, ya aro zarto wurin mai walda don ya yanke turken, ya ce in kamu ne a kama shi. Yana jingine kekensa na madara a ƙofar gida, zarton na hannunsa, ya ji kukan Parwin ta bayan katanga.

Bayan azahar aka fito da gawar Baba Nazakat a kan gadon igiya. Irshad ne a gaba ta dama. Da suka iso mararraba, maimakon titin maƙabarta sai ya karya hagu.

"Irshad, ba nan ce hanya ba," in ji liman.

"Ita ce, Maulabi Sahib."

Aka bi shi. A bakin turakun aka ɗan ɗaga gadon, ya wuce ta sama ko gogawa bai yi ba. Suka bi hanyar nan mai sumul, ana karɓeɓeniyar kafaɗa, masu tattaki suna darewa gefe suna rufe kai. Irshad bai ba kowa wurinsa ba.

Da suka kai inda hanyar ta fi kusa da ruwa, ya zura hannu ɗaya a aljihu, ya ciro ƙullin da Parwin ta miƙo masa ta bayan labule. Kwaɓin safe ne, har ya fara bushewa. Ya jefa. Ruwan ya yi shiru ɗan lokaci, sannan bakunan kifi suka fara ɓullowa.