Lafayar da Ta Sha Turare

Hajja Halimatu tana tsakar gida a unguwar Mairi tana tsince shinkafa, sai ga kiran bidiyo daga Bintu, autarta da ke karatun likita a Rasha. Idanun yarinyar sun yi ja.

"Mama, turaren wutar da kika ba ni na kunna. Na'urar gobara ta ji hayaƙi ta kama ihu, aka fito da ɗalibai duka cikin dusar ƙanƙara. An ce kar in sake."

Ran Hajja ya ɓaci. "Wace irin ƙasa ce ba ta san bambancin gobara da ƙamshi ba?"

Bintu ta yi dariya, sannan ta ce a hankali, "Ɗakin nan ba ya ƙamshin kowa, Mama."

Suna yin sallama Hajja ta ture faifai, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta kifa kwando a kai, ta lulluɓa masa tsohuwar lafayarta, mayafin da ta saba yafawa. Kullum sai ta turara ta, har ƙamshi ya kama zare. Sannan ta ɗaure ta tam a leda, ta kai wa Mahfuz, ɗan maƙwabta da zai koma can karatu.

"Ka ce mata wannan ba ta hayaƙi. In na'urarsu ta isa, ta yi ihu."