Da Muka Kori Manoma Daga Layinmu

Ni tela ce, kuma shagona yana kan layin da manoma ke sauke kaya ranar kasuwa. Motoci su toshe hanya, awaki su yi ta barbaɗa kashi, ganyen albasa ko'ina. Ƙazanta kam akwai ta, ban musa ba. Amma manomi in ya sayar da kayansa ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya zauna wurin mai aski, ya miƙa wa mai walda garmarsa da ta karye, matarsa kuma ta shigo wurina da yadi a hammata. Da wannan nake ci da yarana.

Sai yayana ya dawo daga birni ya buɗe shagon waya, gaba duk gilashi. Kullum yana goge gilashin nan kamar goshin jariri.

“Wannan layi ne ko turke?” in ji shi. “Wane mutumin kirki zai shigo nan?”

Na ce, “Yaya, mutanen kirkin naka ina suke? Waɗannan masu warin su ne ke saye.”

“Ke dai taka kekenki. Kasuwanci ba ɗinkin aljihu ba ne.”

Ya bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, baki kamar zuma. Mai aski ma, da kan manoma ne abincinsa, ya bi sahu. Suka je wurin hukumar gari, aka mayar da wurin sauke kaya can bakin babban titi, bayan gari. Aka share layinmu tas, har da dasa furanni. Ni kaɗai na ƙi zuwa, aka ce baƙin ciki nake da ci gaba.

To, ci gaba ya zo. Ranar kasuwa sai ka ji motsin ƙuda. Mai walda ya fara tattarawa, mai aski ya bi bayansa. Na je sabon wurin neman rumfa, ashe baƙi sun kame ko'ina, teloli har sun yi layi. Na hango wata da na ɗinka wa kaya tun tana goyon fari, tana miƙa wa wani yadinta. Ta ce, “Ayya, Anti, ku ne kun yi nisa.” Wallahi ji na yi kamar na zauna a ƙasa na yi ta ihu.

Da damina ta wuce na mayar wa mai shagon makullinsa, na kai kekena ɗaki. Wani dillalin albasa ya kama shagunan layin, har da na Yaya, ya mai da su wurin ajiya.

Shekaranjiya Yaya ya zo gida, ya tsaya daga bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

“Na samo miki aiki,” ya ce. “Dillalin nan na neman mai ɗinke masa bakin buhu.”

Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Zagi ya zo mini har maƙogwaro, amma tukunyata ba ta hau wuta ba tun safe.

Jiya na fara. A ƙofar shagona nake zama, a ƙasa, da basilla da igiya. Ciki ba a bari na shiga, wai kar na taka albasa.