Sanyin Da Ya Makara

Tun kafin jirgin ƙasa ya bar Lyon Hajiya Zeinabou ta tuɓe manto, babbar rigar sanyinta, ta ɗora a cinya.

"Wata uku ina yawo cikin wannan bargo, gumi kawai nake sha," ta ce wa jikarta Widad. "Ba ku kuka ce a Faransa ƙanƙara na zuba kamar gari ba?"

Aikin ido ya kawo ta daga Maraɗi, aka cire mata yanar da ta daɗe tana dushe mata gani. Tun ranar da likita ya kwance bandeji take leƙen taga a gidan ɗanta da ke Saint-Fons kusa da Lyon, ko idanun nan za su yi tozali da dusar ƙanƙara. Ruwan sama kawai aka yi ta zabgawa. Yau ga su a hanyar Paris, jirgin saman da zai kai ta Yamai zai tashi da la'asar.

Widad, wadda ke karatun yanayi a jami'a, ta sake gwada bayani.

"Kaka, wani teku ne can bayan Amurka. Duk bayan 'yan shekaru ruwansa yakan yi ɗumi, El Niño ake ce masa. Yana karkata iska, wani sa'in har nan yake taɓawa. Sai a fara da ruwa, sanyi ya zo daga baya."

"Daga baya yaushe?"

"Wallahi malamanmu ma hasashe suke."

"To Allah ya shiryi tekun nan. Ban taɓa shan ruwansa ba, ya hana ni kallo."

Sun ci rabin hanya Hajiya na gyangyaɗi, sai jirgin ya rage gudu. Ta buɗe ido, ta ga fari fat ya lulluɓe taga. Ta damƙe hannun Widad.

"'Yar nan, yanar ta dawo!"

Widad ta yi dariya har da ƙwalla. "Kaka, neige ce, dusar ƙanƙara! Duba da kyau."

Ta duba. Ga gonaki, ga rufin gidaje, ga wasu shanu tsaye, dusa ta hau musu gadon baya. Kowane ɓurɓushi da ya faɗo kan gilashi tana ganinsa daban. Ta yi salati, ta yi hamdala, sannan ta rangaɗa guɗar da ta sa Turawan da ke kusa suka waigo suna murmushi.

Lasifika ta yi magana, fuskar Widad ta canza.

"Kaka, sun ce za mu makara ƙwarai. Jirginki zai iya tashi ya bar ki."

Hajiya ba ta ko juyo ba.

"Ya tashi mana, Maraɗi ba guduwa za ta yi ba. Kira babanki ki gaya masa. Kuma matsa can, kin tare mini taga."